Wuƙa Ɗaya, Hannu Goma Sha Biyu: Shari'ar da Aka Yanke a Jirgin Orient Express

A watan Nuwamban 1974, wata dattijuwa mai shekara 84 ta daure wa rashin ƙarfin jiki ta halarci bikin fara nuna wani fim a birnin Landan, bikin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ma ta halarta. Dattijuwar ita ce Agatha Christie, marubuciyar da ta rubuta littattafan binciken kisan kai 66, wadda kuma aka sani da rashin jituwa da masu shirya fim. Finafinan da kamfanin MGM ya yi da labaranta a shekarun 1960 sun ɓata mata rai ƙwarai, domin an mai da su na barkwanci, har ta kai ba ta son a sake tunkararta da maganar sayen wani littafinta.

A wannan daren kuwa ta fito da farin ciki. Abu ɗaya kawai ta kushe: gashin bakin da aka yi wa jarumin fim ɗin bai kai ƙasaitar wanda ta siffanta a littafinta ba. Wannan fitowa tana cikin na ƙarshe da ta yi a bainar jama'a, domin ta rasu a watan Janairun 1976.

Sunan fim ɗin Murder on the Orient Express, wato kisan kai a cikin jirgin ƙasan nan mai suna Orient Express. Yau fiye da shekara 50 ke nan da fitowarsa, littafin da aka ciro shi kuwa ya haura shekara 90, amma har yanzu ana sake ɗaukar labarin. Abin da ke jawo daraktoci gare shi ya wuce wasan gano mai laifi. A ƙarshen labarin akwai tambayar da kowane mai shirya fim dole ya amsa da kansa: idan kotu ta saki azzalumi, waɗanda ya zalunta kuma suka ɗauki fansa da hannunsu, me ya kamata mai gaskiya ya yi da su?

Daren da jirgi ya tsaya

Jarumin labarin shi ne Hercule Poirot, tsohon ɗan sanda ɗan ƙasar Beljiyam da ya koma binciken laifuka na ƙashin kansa, mutum gajere mai tsananin tsafta da son tsari, wanda Christie ta fara gabatarwa a 1920. Yana Istanbul a kan hanyarsa ta dawowa daga Siriya, sai aka aiko masa da waya cewa ana nemansa a Landan da gaggawa. Lokacin hunturu ne, lokacin da jirgin ya saba tafiya kusan wayam, amma sai ya tarar taragon masu zuwa Calais ya cika maƙil. Da ƙyar wani abokinsa, babban jami'i a kamfanin jirgin, ya samar masa gado.

Cikin fasinjojin akwai wani attajiri Ba'amurke mai suna Ratchett. Ya nemi Poirot ya zama mai tsaron lafiyarsa saboda wasiƙun barazana da yake samu, ya yi masa tayin kuɗi masu yawa. Poirot ya ƙi, domin fuskar mutumin ba ta kwanta masa ba. A dare na biyu dusar ƙanƙara ta toshe hanya tsakanin Vinkovci da Brod, a tsohuwar Yugosilabiya, yankin da yake cikin Kuroshiya a yau. Gari na wayewa aka tarar da Ratchett a mace a ɗakinsa, an caka masa wuƙa sau 12.

Raunukan kansu sun rikita likitan da ya duba gawar. Wasu masu zurfi ne irin na ƙaƙƙarfan namiji, wasu kuwa da ƙyar suka keta fata. Wasu da hannun dama aka yi su, wasu da hagu. Taga a buɗe take, amma babu sawun kowa a kan ƙanƙarar da ke waje, abin da ke nuna mai kisan bai bar jirgin ba. Alamu kuma sun yi yawa har sun zama abin zargi: hankici mai harafin H, tsinken goge lofe, agogon da ya tsaya a ƙarfe 1:15, da wata mace sanye da jar riga da aka hanga a baranda. Daga wani guntun takarda da bai gama ƙonewa ba ne Poirot ya gano ainihin mamacin. Sunansa na gaskiya Cassetti, mutumin da ya sace wata yarinya mai suna Daisy Armstrong a Amurka, ya karɓi kuɗin fansa, alhali ya riga ya kashe ta.

Ta'asar ba ta tsaya kan yarinyar ba. Mahaifiyarta tana da juna biyu, baƙin ciki ya sa ta haihu ba lokaci ba, ita da jaririn suka rasu. Mahaifin ya harbe kansa. Wata mai aikin gidan da 'yan sanda suka zarga bisa kuskure ita ma ta halaka kanta. Shi kuwa Cassetti, a littafin, ya kuɓuta daga kotu da ƙarfin dukiyarsa da wata kafa da aka samu a doka, ya sauya suna ya bar ƙasar.

Gaskiyar da ke ƙarƙashin ƙagaggen labari

Christie ba daga sama ta tsinto wannan labari ba. Ranar 1 ga Maris 1932 aka sace ɗan Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman da ya yi suna saboda tsallake Tekun Atalantika shi kaɗai a 1927. Yaron yana da wata 20 a duniya, an ɗauke shi daga ɗakinsa a jihar New Jersey. Iyayen suka biya dala 50,000, amma a watan Mayu aka tsinci gawarsa ba nisa da gidan. Wata mai aiki a gidan kakar yaron, wadda 'yan sanda suka matsa wa da tambayoyi, ta sha guba ta mutu.

A lokacin da littafin ya fito, a watan Janairun 1934, ba a kama kowa ba. Sai a watan Satumban wannan shekarar aka damƙe Bruno Hauptmann, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1936. Ke nan Christie ta yi rubutunta ne a daidai lokacin da duniya take ganin wanda ya kashe jariri ya sha. Masu karatu na farko sun buɗe littafin da wannan ƙuna a zukatansu, kuma ita ta san da haka.

Shi ma jirgin ta san shi ciki da bai. Wani ɗan Beljiyam mai suna Georges Nagelmackers ne ya kafa kamfanin taragon kwana da ya fara gudanar da Orient Express a 1883. Daga 1919 aka buɗe hanyar da ta ratsa ramin dutsen Simplon, ta bi ta Milan da Venice da Belgrade da Sofiya har zuwa Istanbul. Christie ta fara hawansa a 1928, bayan mutuwar aurenta na farko, a tafiyar da ta kai ta har Bagadaza. Tafiye-tafiyen Iraƙi ne suka haɗa ta da mijinta na biyu, Max Mallowan, masanin tono kayan tarihi. A 1929 dusar ƙanƙara ta tsare jirgin kwanaki a Çerkezköy ta ƙasar Turkiyya, a ƙarshen 1931 kuma ambaliya ta tsayar da shi ita kanta tana ciki. Ta zauna tana kallon yadda baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suke yi idan tafiya ta tsaya cik, babu gaba babu baya.

Yadda aka shawo kan marubuciya

Furodusoshi biyu, John Brabourne da Richard Goodwin, su suka ɗauki aniyar mai da littafin fim a ƙarƙashin kamfanin EMI. Brabourne surukin Lord Mountbatten ne, ɗan gidan sarautar Ingila, kuma sa bakin Mountbatten ya taimaka wajen sassauto da Christie. Paul Dehn ya rubuta tsarin fim ɗin, aka kuma damƙa aikin ba da umarni ga Sidney Lumet.

Zaɓen Lumet ya zo wa mutane da ba-zata. An san shi da finafinan titunan New York masu zafi, irin su Serpico da ya fito a 1973, labarin ɗan sandan da ya tona cin hancin abokan aikinsa. Amma wanda ya tuna fim ɗinsa na farko zai ga hikimar zaɓen. A 12 Angry Men na 1957, Lumet ya kulle mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci a ɗaki ɗaya, suna muhawara kan ran wani saurayi. Ya riga ya ƙware wajen ɗaukar fim a matsattsen wuri ba tare da ya gundiri mai kallo ba, kuma batun adalci shi ne abin da ya fi damunsa tsawon rayuwarsa ta aiki.

Matsalar farko da ya fuskanta ta yawan mutane ce. Waɗanda ake zargi sun haura goma, kuma dole mai kallo ya riƙe kowannensu a ka daga ganin farko. Maganin da Lumet ya samo shi ne ya cika taragon da fuskokin da duniya ta riga ta sani. Ya fara da Sean Connery, wanda suka yi finafinai uku tare kafin nan, da lissafin cewa idan babban tauraro ya amsa, saura za su biyo. Haka kuwa aka yi. Lauren Bacall ta fito a Misis Hubbard mai surutu, John Gielgud a baran mamacin, Vanessa Redgrave a malamar yara, Wendy Hiller a tsohuwar gimbiyar Rasha, Anthony Perkins a sakatare, Richard Widmark a Ratchett. Akwai kuma Jacqueline Bisset da Michael York da Jean-Pierre Cassel da Martin Balsam.

Ingrid Bergman aka fara yi wa tayin matsayin gimbiya, amma ta zaɓi ƙaramin matsayi na Greta Ohlsson, 'yar mishan daga Suwidin mai rawar murya da yawan tsoro. Lumet ya ɗauki zaman da Poirot ya yi mata tambayoyi a ɗauka ɗaya ba yankewa, kusan minti 5 kyamara tana kan fuskarta. Wannan fitowa ce ta ba ta lambar Oscar ta uku a rayuwarta, ita ce kuma kaɗai fim ɗin ya ci daga cikin 6 da aka sa shi takara.

Albert Finney, wanda ya fito a Poirot, shekararsa 38 kacal a lokacin. Sai da aka rina masa gashi baƙi ƙirin aka shafe shi da mai, aka yi masa ciko a jiki, ya maƙale wuya ya sauya tafiya da murya kafin ya zama dattijon. Poirot ɗinsa mai tsawa ne da zafin nama, yana kai wa shaidu farmaki da tambaya kamar lauya a gaban kotu. Wasu masoya littafin suna ganin ya yi hayaniya da yawa, amma wannan zafin ne yake riƙe fim ɗin da kusan rabinsa tambaya da amsa ne a kujerun tarago.

Duhu a farko, ƙawa a tsakiya

Babban sauyin da Dehn da Lumet suka yi yana farkon fim ɗin. A littafi mai karatu ba ya jin labarin Daisy Armstrong sai bayan an tsinci gawar Ratchett. A fim kuwa da shi aka buɗe: gida cikin dare a 1930, inuwar mutum a matakala, kanun jaridu suna bin juna har zuwa labarin tsintar gawa, da kiɗa mai tayar da tsigar jiki. Kafin mai kallo ya ga jirgi ko Poirot, an riga an ɗora masa nauyin yarinyar a zuciya.

Daga nan sai fim ɗin ya tsallaka shekara 5 ya sauya launi gaba ɗaya. Fasinjoji suna ratsa tashar Istanbul ɗaya bayan ɗaya cikin tufafin alfarma da Tony Walton ya tsara, ana loda kayan marmari da abincin ƙasaita, 'yan talla suna kewaye su. A wani wurin gyaran jirage kusa da Faris aka ɗauki wannan fitowa. Kyamarar Geoffrey Unsworth ta bi jikin jirgin har zuwa gaban injin, babbar fitila ta kunnu, kiɗan rawa na Richard Rodney Bennett ya tashi, jirgin ya motsa cikin tururi. Lumet ya yi haka da gangan. Yana son mai kallo ya yi begen wata duniyar ƙawa da ta shuɗe, ya saki jiki da ita, ta yadda idan gaskiya ta fito zai gane cewa duk adon nan lulluɓi ne a kan makoki.

Jama'a sun karɓi fim ɗin hannu bibbiyu. Ya tara fiye da dala miliyan 35 a Amurka, ya kuma buɗe ƙofar jerin finafinan Christie masu tarin taurari, irin su Death on the Nile na 1978 da Peter Ustinov ya fito a Poirot. Jirgin na gaskiya kuwa yana gab da ƙarewa a lokacin: a 1977 aka daina tafiyar kai tsaye daga Faris zuwa Istanbul.

Amsa biyu a gaban Poirot

Ba a iya tattauna darajar wannan labari ba tare da an faɗi ƙarshensa ba. Poirot ya tara kowa a taragon cin abinci ya gabatar da bayani biyu. Na farko mai sauƙi ne: wani baƙo ya shigo jirgin sanye da kayan kwandasta, ya kashe Ratchett, ya sulale. Na biyu shi ne gaskiya. Duk waɗanda ake zargi suna da alaƙa da gidan Armstrong: kakar yarinyar, ƙanwar mahaifiyarta, mai renonta, direban gidan, mai dafa abinci, abokin mahaifinta na soja, da kwandastan da 'yarsa ce mai aikin da ta kashe kanta. Sun naɗa kansu masu yanke hukunci su 12, adadin da kotunan Ingila da Amurka suke zaunarwa, suka saye gadajen taragon, suka sa wa mutumin maganin barci, kowa ya caka wuƙa sau ɗaya don kada a san bugun da ya kashe shi. Kowannensu kuma ya zama shaidar wani. Dusar ƙanƙara da shigowar Poirot ne kawai ba su cikin lissafinsu.

A littafin, jami'in kamfanin da likita suka zaɓi bayanin farko don miƙa wa 'yan sanda, Poirot ya janye hannunsa cikin 'yan layuka, ba tare da wata damuwa a fili ba. Alhaki kwikwiyo ne, ya bi mai shi, magana ta ƙare.

Lumet ya bi wannan hanya, amma ya ƙara abu biyu. Ya nuna kisan kansa cikin shuɗin haske, kowa yana shiga yana ambaton wanda yake ɗaukar wa fansa kafin ya ɗaga hannu, abin ya fi kama da zartar da hukunci fiye da ta'addanci. Sannan ya sa Poirot ya fita yana cewa zai je ya yi fama da rahotonsa da kuma zuciyarsa, yayin da fasinjojin suke gaisawa da kofuna a hannu. Fim ɗin ya tsaya a gefen masu ɗaukar fansa, ya bar ɗan ƙaramin gurbi ga shakka.

Waɗanda suka zo daga baya sun faɗaɗa gurbin nan. A 2010 gidan talabijin na ITV ya ɗauki labarin da David Suchet, wanda ya riƙe matsayin Poirot daga 1989 zuwa 2013. Nasa Poirot ɗin mai riƙo da addinin Katolika ne, kuma da ya gano gaskiya sai ya fusata, ya yi musu faɗa cewa idan doka ta faɗi aikin mutane shi ne su ɗaga ta, ba su tattake ta ba. A ƙarshe ya rufa musu asiri, amma ya juya yana tafiya da carbi a hannu da ƙwalla a ido, kamar wanda ya yi asarar wani abu da ba zai dawo ba. A 2015 gidan talabijin na Fuji a Japan ya mai da labarin ƙasarsu, ya kuma ware kashi na biyu don nuna yadda masu kisan suka ƙulla shirinsu.

Kenneth Branagh ya dawo da labarin sinima a 2017, shi ne darakta shi ne kuma Poirot, tare da Johnny Depp da Michelle Pfeiffer da Judi Dench da Penélope Cruz da Willem Dafoe. Ya buɗe da wani bincike a birnin Ƙudus don nuna mutumin da yake ganin duniya fari da baƙi kawai. Ya fitar da mutane daga tarago zuwa kan gada da bakin ramin dutse, ya ƙara guje-guje da harbi. A ƙarshe Poirot ya ajiye bindiga a gabansu ya ce sai dai su kashe shi, domin ba zai iya ƙarya ba. Bindigar ba harsashi, gwaji ne, kuma ba wanda ya harbe shi. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 350 a duniya, ya haifar da wasu biyu a 2022 da 2023. Sai dai fitar da labarin sarari ya rage masa ƙarfi, domin matsin taragon shi ne yake sa mai kallo ya ji kamar shi ma an kulle shi da masu laifi.

Abin da labarin yake nema daga mai kallo

Mai kallo a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin gidan Armstrong. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa, biyan kuɗi a karɓi gawa, da ganin wanda ake zargi yana yawo a gari, abubuwa ne da iyalai da yawa suka ɗanɗana. Saboda haka zuciya takan karkata ga mutum 12 ɗin nan tun kafin Poirot ya rufe baki. Amma shari'ar Musulunci, wadda ta ba magadan wanda aka kashe haƙƙin ƙisasi ko diyya ko afuwa, ba ta bar zartarwa a hannunsu ba, ta ajiye ta a hannun hukuma bayan an tabbatar da laifi. Dalilin a fili yake: mai baƙin ciki yakan yi kuskure.

Christie ta kauce wa wannan haɗari da dabarar marubuci. Ta tabbatar wa mai karatu cewa Cassetti ne ya yi laifin, babu ko ɗigon shakka. A rayuwa ba a cika samun irin wannan tabbaci ba, kuma labarin da kansa yana ɗauke da gargaɗin: mai aikin da ta mutu saboda zargin ƙarya ita ma mutane sun yi imani ita ce mai laifi. Wanda ya tafa wa fasinjojin ya manta da ita bai gama fahimtar abin da ya kalla ba.

Shi ya sa nake ganin fim ɗin 1974 ya fi sauran kyau a matsayin fim, na 2010 kuma ya fi su gaskiya a kan nauyin hukuncin. Lumet ya nuna yadda zalunci ɗaya yake rusa gida har ya mai da mai reno da direba da kaka masu kisa. Suchet ya nuna cewa rufa musu asiri ma yana da farashi, kuma mai gaskiya ne yake biya. Duka biyun sun haɗu a kan tushen matsalar, wato kotun da ta saki Cassetti. Da ta yi aikinta, da babu wanda zai sayi tikitin wannan jirgi da wuƙa a cikin kaya. Duk al'ummar da ba ta son 'ya'yanta su zama alƙalan kansu, wajibi ne ta gina kotun da mai kuɗi ba zai iya saye ba, wadda kuma talaka zai shiga da yaƙinin za a saurare shi.